Ni da Agwagin Goggo a Bakin Lagdo

Shekarar da na faɗi jarrabawar bak, ta kammala sakandare, karo na biyu, mahaifiyata ta ce zaman majalisa a Garwa ya ishe ni haka. Ta ɗaure mini kayana, ta sa ni a mota sai Lagdo, nan arewacin Kamaru, wurin ƙanenta. Kawu masunci ne. Yana saurayi ya zo nan, bayan Sinawa sun gama madatsar ruwan Lagdo a 1982, ruwan Binuwai ya taru ya haɗiye daji da gonaki. A bakin ruwan za ka ji Musgum da Kotoko daga can arewa, ga Hausawan Najeriya, ga 'yan Mali da gurarsu ta tarkon kifi, ciniki kuma yawanci da Fulatanci.

Na zaci washegari zan shiga jirgi. Kawu ya tambaye ni ko na iya iyo, na ce a'a. Ya ce to ruwan da ke da dorina ba wurin koyo ba ne. Ya miƙo mini doguwar gora da zare da ƙugiya uku.

"Kifin kasuwa namu ne," in ji shi. "Na miya naka ne. In ba ka kamo ba, kuka za mu sha."

Bazara ce, wajen ƙarshen Maris, lokacin da zafin ƙasar nan ke wuce digiri 40. Ruwa ya ja baya, wanda ya rage a lungunan bakin gaɓa ya yi ɗumi kamar an ɗora a wuta. A irin wannan lokaci tarwaɗa kan taso sama ta kurɓi iska ta koma, domin Allah ya yi mata abin shaƙar iska bayan na ruwa. Sai ka ga ruwa ya yi ɓul, da'ira ta bazu. Yaran wurin suka nuna mini koto mai yawo a saman ruwa: ɓawon dogon burodin nan da ya kwana ya bushe, ko fara. Ka soka a ƙugiya, ka jefa, ka zuba ido. Babu abin da ya kai shi daɗin kallo, don da idonka za ka ga baki ya buɗe ya ɗauka.

Abin da yaran ba su gaya mini ba shi ne agwagin Goggo.

Goggo tsohuwa ce, gidanta na bayan namu, mijinta ya daɗe da rasuwa. Agwaginta goma sha ɗaya, irin manyan nan masu jan tsiro a fuska, waɗanda toronsu ba ya kuka sai huci. Ranar farko ban ma gama zama ba suka sulalo a jere. Burodin ya faɗa ruwa, kafin in ƙifta ido sun kewaye shi. Na fizge. Na sake jefawa can gefe, suka juya tamkar an yi musu kira. Na yi ihu, na kaɗa hula, na ɗebi tsakuwa na watsa musu. Sukan ja baya taku biyu, su dawo. Kwana huɗu muna shan miyar kuka.

A rana ta biyar Kawu ya dawo da wuri, ya tsaya bayana yana kallon wasan da nake yi. Da na ɗaga hannu zan yi jifa sai ya ce in dakata, in ɗaga hannun kawai ba tare da na saki komai ba. Na ɗaga. Duk goma sha ɗayan suka miƙe wuya suka nufo ni.

"Ka gani? Kai ka karantar da su. Hannunka ya tashi, abu ya faɗa ruwa, wani lokaci dutse, wani lokaci burodi. Su ba su da asara in sun zo dubawa. Kifin kuwa tun tsakuwar farko ya bar maka wurin. Kifi na ganinka, mai jar koma."

Na ji, amma jin kunne. Sai da toron ya haɗiye ƙugiya.

Har yau ina jin nauyinsa a hannuna. Zaren ya miƙe, gorar ta lanƙwashe, na ɗauka giwan ruwa ce Allah ya kawo mini har gaɓa. Sai ga fukafukai na dukan ruwa. Maimakon in sassauta, tsoro ya sa na ja, jan da ya kai ƙugiyar can cikin maƙoshi. Kawu ya shiga ruwa har gwiwa, ya lulluɓe shi da rigarsa, ya buɗe bakin ya leƙa. Jini na fitowa. Ya girgiza kai, ya ce a kawo wuƙa kafin ya zama mushe.

Ni na ɗauki toron, Kawu na gaba, muka yi sallama a ƙofar Goggo. Ta dube shi, ta dube ni, ta daɗe ba ta ce komai ba.

"Ɗan nan, duk kifin da ke Lagdo bai ishe ka ba?"

Ashe shi ta ware za ta sayar ta yi wa jikarta ɗinkin sallah. Kawu ya ba ta haƙuri, ya ƙirga mata jaka biyar ta sefa, ta ƙi karɓa sau biyu, a na uku ta karɓa. Kuɗin kuwa na biya su da idona, mako uku ina juya kifi a kan banda, hayaƙi na sa ni hawaye. Naman mu muka ci. Ban taɓa cin nama mai tsada da tauri irinsa ba.

Bayan wannan Kawu ya karɓe ƙugiyoyinsa, ya ce in je bakin ruwa yini guda hannu rabbana, in kalli agwagi kawai. Na ɗauka horo ne. A yinin nan na ga abin da makonni ba su nuna mini ba. Ba sa fitowa sai Goggo ta gama shara ta buɗe akurki, rana ta ɗan ɗaga. Da la'asar sakaliya, ta buga ƙwaryar dusa, su koma da gudu. Ke nan daga sallar asuba zuwa hantsi, da kuma gab da magariba, ruwan nawa ne ni kaɗai, kuma dama lokutan ne tarwaɗa ta fi cin koto. Ni kuwa barcin safe irin na ɗan birni ya sa nake zuwa tare da su, kamar mun yi alkawari.

Na kuma lura ba sa nutso. Agwagwa takan kifa kai, wutsiya a sama, ƙafafu na wutsil-wutsil, iyakar tsawon wuyanta ke nan. Abin da ya yi ƙasa da kamu ɗaya da 'yan kai ya fi ƙarfinta. Sai na riƙa ɗaura ɗan notin keke a zare, in sa totuwar kara a sama, koton ya rataya a tsakiya. Ba ya da armashin kallo irin na saman ruwa, amma ana cin miya. In kuma lallai saman nake so, ban ƙara jefawa ba. Sai in laɓe a bayan ciyawa, in miƙa gorar a hankali, in sauke koton a ɗan sarari tsakanin ganyen bado, ba ƙara ba fantsama. Agwagwa da ido take farauta, farin burodi daga nesa take hango shi. Tarwaɗa kuwa da gashin bakinta take lalube, ko ruwa ya yi duhu. Don haka nake zaɓen ɓawon da ya ƙone a tanda, in goga masa kayan cikin kifi, ya yi duhu ya yi ƙarni.

Akwai dabarar da kowa ke fara ba ka, wai ka watsa musu dusa can nesa su shagala. A ganina ita ce mafi rauni. Ranar da na fara gwadawa ban duba iska ba, na zuba a inda take tasowa, dusar ta biyo ruwa ta shimfiɗa musu hanya har kan ƙugiyata. Da na gyara na koma zubawa a inda iska za ta yi gaba da ita, ta yi aiki na 'yan mintoci. Amma cikin mako guda sun haddace rigata, ko alwala na zo yi sai su rako ni. Kirinjijiya ta daji ba ta taɓa damuna ba, ita da ta hango mutum ta tashi. Wadda ta saba da hannun mutum ita ce matsala.

Kawu ya danne mini ƙayar kowace ƙugiya, don ko an sake tsautsayi a zare ta cikin sauƙi. Kifi yakan kuɓuce saboda haka, na yi ƙorafi, bai kula ni ba. Ya kuma hana ni yar da guntun zare a gaɓa, domin yana naɗe musu ƙafa.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne ɗaga koto. Wata safiya na makara, ga wata ƙatuwar tarwaɗa tana zagaya burodina, ina ganin gashin bakinta yana taɓa shi. Ta gefen ido sai na hango uwa da 'yan tsakinta sun karyo kwana. Saura ƙiris kifin ya ɗauka. Hannuna na rawa na ɗaga gorar, burodin na ɗigar ruwa a iska, na zauna ina kallo har suka wuce. Kifin bai dawo ba.

Goggo na wanki a sama da ni, ashe ta gani. Da yamma ta aiko jikarta ta ce daga gobe ba za ta buɗe akurki ba sai ta ji sallamata na dawo. Ni kuma na riƙa ajiye mata kayan cikin kifi a gwangwani, ranar da aka samu da yawa in ɗora karfasa biyu a kai.

Shekara biyu na yi a Lagdo kafin in koma Garwa in kama tsaron shago. Bara na kai wa Kawu ziyara, na shiga gaida Goggo. Idonta ya yi rauni, sai da na matso ta gane muryata. Ta juya ta ƙwala wa jikar kira.

"Maza rufe akurki, mai kamun toro ya zo."