Awa uku kan jimla ɗaya

Jiya Lahadi maƙwabciyata, wata dattijuwa Ba'amurkiya da ƙafa ke damu, ta roƙe ni in kai ta majami'arsu. Na ce zan jira a mota, ta ce sam, sai na shigo na sha shayi.

'Yan Unitarian Universalist ne, ɗariku biyu da suka haɗe a 1961, hedkwatarsu na birnin Boston a Amurka. Kakanninsu sun ƙi yarda da aƙidar Allah uku cikin ɗaya, abin da ya sa na kasa kunne ke nan. Amma yau ba aƙidar da suke ɗora wa kowa. A benci ɗaya ga mai imani, ga wanda bai yarda da komai ba.

Ashe taron sabunta jimlar da ke bayyana manufarsu ne. A 2024 uwar ƙungiyarsu ta maye gurbin ƙa'idoji 7 na 1985 da sabon tsari mai ƙauna a tsakiya, kuma kowace majami'a ita ke mulkin kanta, ba bishop. Aka kunna wuta a wani ƙoƙo mai ƙafa, aka raba ƙananan takardu masu gam, kowa ya rubuta kalma ya manna a bango.

Kalmar "Allah" ce ta cinye lokacin. Wani tsoho ya dage a saka, wata matashiya ta ce in an saka an rufe mata ƙofa. Ba wanda ya ɗaga murya, wannan kam ya burge ni, ko da yake ni tuni na ƙosa.

Bayan awa uku suka kafa kwamiti. A hanya dattijuwar ta ce ai an yi sauri.