Alhamis a garkar ƴan kaso, Damagaram

Iskar hunturu tun asuba. Gardi bai fito da yaran ba sai ƙarfe tara, bayan ƙirga da sa hannu. Matsalar garkar gidan kaso ke nan kullum: shuka na son ruwa da sanyin safiya da kuma bayan la'asar, ƙofa kuwa da nata lokacin. Tunda ban ruwan yamma ba ya samuwa kullum, mun rufe fangalan da ɓuntun gero don ƙasa ta riƙe laima. Kowane fangali mita 1 ne a faɗi, mita 5 a tsawo, yana shan lita 30 a yini. Wanda ya san garin nan da duwatsunsa ya san ruwa ba abin wasa ba ne, ba kamar Mirriya ko Gidimuni ba.

Yau dashen albasa ne, irin Galmi, kwanansa 45 a wurin reno, ya kai kaurin fensir. An datse kan ganye da bakin saiwa, an dasa da tazarar santimita 10 zuwa 15, ba a zurfafa ba, don in wuya ya nutse albasa ba ta yin kai. Fangali ɗaya na renon ya lalace: an watsa iri da cunkoso, aka cika ruwa, ƴan tsiron suka ruɓe daga gindi suka kwanta. Yaron da ke kula da shi ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, na ɗauka yawan ruwa shi ne kulawa." Aka sa ya tona da yatsa, ƙasa ta fito caɓal tana wari. Zai sake shuka a layi, a bar yatsa huɗu tsakanin layuka.

Taki ma sai an sa ido. Ɗanyen kashin awaki yana ƙone saiwa, yana jawo gara. Sai ya yi wata biyu a rami, ana yayyafa ruwa ana juyawa duk mako biyu.

Tsutsa ta fara huda shu, wato kabeji. Mun daka ƴaƴan bedi (dogon yaro) rabin kilo, mun jiƙa a ruwa lita 10, gobe a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma don rana na kashe ƙarfinsa. Maganin kanti ba ya shigowa nan, kuma dalilin a fili yake. Haka hauya da manjagara, da ƙirga suke fita, da ƙirga suke komawa.

Abin da na fi dagewa a kai wajen rabon aiki shi ne a dubi sauran wa'adin mutum. Wanda ya rage masa wata biyu a ba shi salati, ya dasa ya tsinka da hannunsa. Albasa daga reno zuwa cira tana cin wata biyar zuwa shida, ta masu dogon zama ce. Yaron da aka sallama kafin ya ga amfanin fangalinsa, wahala kawai ya koya.

Da azahar an kai kwando biyu na salati Kasuwar Dole, sauran ya shiga tukunyar gidan. An rubuta kason kowa a littafi a gabansa, za a ba shi ranar fita, ya isa sayen iri da guga.