Talata: ƙofofi 40 da ban karɓa ba

An kawo wuta tun kafin assalatu, don haka ana idar da sallar asuba na wuce shagona na walda a nan Kano ban koma gida ba. Layinmu ba ya cikin rukunin A, waɗanda aka mayar wa kuɗin yunit naira 225 a watan Afrilun 2024 aka ce za a riƙa ba su awa 20 a rana. Mu sai dai mu kasa kunne, duk lokacin da ta zo shi ne lokacin aiki. Na tarar babban yaron shagona ya riga ni, har ya fito da get ɗin malamin makarantar nan na Rijiyar Zaki ya shimfiɗa firam ɗin a ƙasa.

Get ne mai faɗin ƙafa 12, murfi biyu, da ƙaramar ƙofa a jikin na dama. Irin wannan aikin ba a yi masa gaggawa. Sai an ɗiɗɗiga walda a kusurwa huɗu tukuna, a ɗauko tef a auna daga wannan kusurwa zuwa wadda ke kallonta, a sake auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, to firam ɗin ya karkace, kuma ranar da aka je kafawa za a sha kunya a gaban mai gida da maƙwabtansa. Ko bayan ya daidaita ba a bin gefe ɗaya a cinye shi da wuta, domin zafi yana jan ƙarfe. A yi nan kaɗan, a tsallaka can, a dawo. Na bar wa yaron wannan, ni kuma na tsaya a kan ƙaramin yaron da aka kawo min koyon aiki bayan Babbar Salla.

Shi ƙaramin yana da hannu, amma yana da ɗoki. Na ba shi guntun fayif mai kusurwa huɗu ya gwada, kafin in juya ya huda shi wuri biyu. Ya ɗauko sandar walda mai kauri, geji 10, ya ƙure wa injin wuta a kan ƙarfen da kaurinsa bai wuce milimita 1.2 ba. Na canza masa da geji 12 da ta fi ta siranta, na rage wutar, na riƙe hannunsa muka ja layi ɗaya tare. Da ya ƙwanƙwasa ɓawon ya faɗi ya ga abin ya fito sumul, sai da ya yi murmushi. Abin da na yi masa faɗa a kai shi ne gilashi. Na kama shi yana ɗaga garkuwar fuska yana leƙen wutar da ido tsirara don ya ga inda zai ɗosa. Na ce masa yanzu ba zai ji komai ba, sai tsakar dare ido zai tashe shi kamar an zuba masa yashi, hawaye na zuba ya kasa buɗewa. Kuma duk abin da abokansa za su ce ya ɗiga a ido, kada ya yarda. In ya yi tsanani ya gaya min mu tafi asibiti. Uwarsa amana ta ba ni.

Wajen ƙarfe tara da rabi aka ɗauke wutar. Mun samu abin da muka samu. Na hau babur na nufi Ƙofar Ruwa.

Kasuwar nan kullum ina zuwa kullum tana ba ni mamaki. Rodi, angul, fayif, falange, tsohon ƙarfen da aka ɓaɓɓako daga motoci da injinan masana'antun da suka mutu, duk an tula, 'yan dako da masu kura sai kai-kawo suke. Na je wurin wanda nake sayen filet, wato shafin ƙarfen da ake rufe jikin ƙofa da shi, a hannunsa shekara da shekaru. Farashin da ya ba ni ranar Alhamis ba shi ya ba ni yau ba. Bai ɓoye min ba, ya ce shi ma haka aka sauke masa. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, dala kuma ta tashi, ba wanda ya isa ya rantse maka a kan kuɗin ƙarfe na mako biyu. Shi ya sa yanzu in na yi wa mutum lissafi nake rubuta masa a ƙasan takardar cewa wannan farashin na kwana 3 ne. Wasu suna jin haushi, amma gara haushin yau da rigimar ranar karɓar kaya.

A aljihuna akwai ɗan ma'aunin kauri, ba na shiga kasuwar ba tare da shi ba. Filet ɗin ƙafa 4 da ƙafa 8 duk kamarsu ɗaya a ido, amma wanda aka ce maka 1.5 ne in ka ɗora ma'auni wani lokacin 1.2 za ka gani. Na auna guda shida na ware biyu. Na sayi kwalin sandar walda E6013, da fayafayen yanka, da galan ɗin jan fenti na hana tsatsa. Ina tsaye ana ɗora kayan a kura abin Ajaokuta ya faɗo min a rai, kamar yadda yake faɗo min duk lokacin da na biya kuɗin ƙarfe. Tun wajen 1979 aka fara gina wannan kamfani a jihar Kogi ta yanzu da taimakon Tarayyar Sobiyet, an haife ni, na yi aure, na haifi 'ya'ya, har yau ba mu ga ƙarfensa a Ƙofar Ruwa ba. Abin yana ci min rai ƙwarai.

Bayan azahar ne babban al'amarin yau ya zo. Wata mota ta tsaya a bakin shago, wani Alhaji ɗan kwangila ya fito da takarda a hannu. Ya ce wani wanda na yi wa tagogi ne ya kwatanta masa ni. Yana gina rukunin gidaje a bayan gari ta hanyar Gwarzo, yana son ƙofofi 40 da tagogi masu baglari fiye da haka. Gaskiya gabana sai da ya faɗi, don tun da na buɗe shagon nan ba a taɓa kawo min aiki mai girman wannan ba. Na sa aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa, muka zauna lissafi.

Da na gaya masa kuɗin ƙofa ɗaya sai ya yi dariya, ya ce, “Malam, ai gidajen sayarwa ne, ba ni zan zauna a ciki ba. Ka sa filet mara nauyi, in an yi fenti wa zai sani?” Na ce, “Ranka ya daɗe, wanda ya saya zai sani nan da damina biyu, kuma in ya tambaya sunana za a faɗa masa.” Wannan ma da sauƙi, don da mun iya tsayawa a tsakiya, a rubuta kaurin a takarda kowa ya sa hannu. Inda muka rabu shi ne biya. Yana so ya ba ni kashi ɗaya cikin biyar, in ciko sauran ƙarfen da kuɗina ko in karɓo bashi a kasuwa, in ya sayar da gidajen ya sallame ni. Na ce masa ƙa'idar shagon nan kuɗin ƙarfe gaba ɗaya ake bayarwa kafin alƙalami, ladan aiki kuma in an kai kaya. Na ba shi shawara mu raba aikin goma-goma, ya biya na goma, in kai masa, ya duba, mu shiga na gaba. Ya ce shi ba ya aiki haka, akwai masu walda da yawa a gari. Na ce haka ne, Allah Ya haɗa shi da na alheri. Muka yi musabaha ya tafi.

Yana tafiya babban yarona ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo ya tsuguna. Ya ce, “Oga, don Allah ka yi haƙuri, amma wannan aikin da shi za mu sayi janareton dizal ɗin da muke ta magana.” Ban ga laifinsa ba, don shi yake ɗaukar get a kura ya kai shagon wani a biya a yi amfani da injinsu duk ranar da ba wuta. Na zaunar da shi na ba shi labarin da ban taɓa ba shi cikakke ba.

Maigidana da na koyi aiki a wurinsa a Fagge, Allah Ya jiƙansa, yana da wata magana da yake nanata mana: kuɗin kafin alƙalami na ƙarfe ne, ba naka ba ne. In aka ba shi da safe, kafin la'asar ya zama ƙarfe a jingine a bango, ko da kuwa gidansa ba cefane. Lokacin da ya yaye ni, abin da na mallaka injin walda ne na naɗi, irin wanda ake naɗa wayarsa da hannu, in na ɗosa sanda fitilun maƙwabta su yi dishi-dishi. Injin yanka aro nake yi. Inuwar wata bishiyar darbejiya ce shagona. Gyaran kujera, ƙafar kura, maƙallin ƙofa, murhun gawayi, duk abin da aka kawo. A wannan layin mu da yawa muka fara, kuma wasu sun fi ni iya aiki nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikinsu, wanda har yau in na tuna hannunsa sai in jinjina, irin wannan kwangilar ce ta tashe shi. Ya karɓo ƙarfe bashi, ya yi aikin tsaf, aka yi ta yi masa gobe-jibi, 'yan kasuwa suka zo suka kwashe injinansa. Yanzu a-daidaita-sahu yake ja. Na ce wa yaron ba Alhajin nan nake zargi ba, mai yiwuwa mutumin kirki ne. Amma in gidajensa suka yi wata shida ba a saya ba, shi yana da abin da zai jira da shi, mu ba mu da shi. Kuma kuɗin ƙarfen da zan ciwo bashi yau, ranar biya ba shi zan tarar ba.

Ya yi shiru, ban san ko ya gamsu ba. Ni ma da na koma kan aiki raina bai daina lissafin ribar ƙofofin nan ba.

Da la'asar wata Hajiya mai sayar da abinci a bakin tasha ta zo karɓar murhunta guda uku. Irin murhun nan da ake ce wa Abacha, wanda ya yaɗu a shekarun 1990 lokacin wahalar kananzir, tsadar gas ta sake dawo da shi. Daga ragowar filet da guntayen rodi muke yin su, abin da da sai dai 'yan jari-bola su auna a kilo. Ta ƙirga kuɗinta ta miƙo, ta ce maƙwabciyarta ma tana so. Bayanta wani matashi mai haɗa sola ya zo da awon faranti takwas, yana son firam da za a kafa a kan rufi. Wannan aikin shekara biyar baya ba na jin na taɓa yin sa, yanzu kusan kowane mako sai an kawo. Angul ne da ƙusoshi da jan fenti, ba shi da wahala, sai dai a kula da karkatar da ya ce da ƙarfin da zai jure iskar farkon damina. Ya tura kuɗin ƙarfe nan take ta waya. Irin waɗannan ƙananan ne suka saya min injin inbata ɗin da nake ji da shi, wanda yaro ɗaya zai rataya a kafaɗa ya hau bene, ba ya jan wuta kamar na naɗi, ƙaramin janareto mai ƙarfi ma yana ɗaukarsa. Su ne kuma suka biya min rajistar sunan shago a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, wadda ba don ita ba da makarantar da na yi wa benci bara ba ta saurare ni ba.

Dab da magariba, muna tattara kaya, babban yaron ya sake matsowa. Ashe maganar ɗazu tana da tushe. Ya ce iyayensa sun fara maganar aure, yana tunanin bayan azumi ya nemi in yaye shi. Na ji wani iri a ƙirjina, don shi ne hannun damana, amma haƙƙinsa ne, kuma ya kai. Na ce masa na amince, da sharaɗi biyu. Ya je ya yi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ya samu takarda, don wata rana kamfani zai nema ko aiki a waje ya taso. Sannan daga gobe shi zai riƙe littafin shago: abin da ya shigo, abin da aka kashe a ƙarfe, sanda, fayafayi, mai, abincin yara, da abin da ya rage. Walda ya iya ta, amma bai taɓa zama ya fitar da kuɗin ƙofa daga farko har ƙarshe shi kaɗai ba. Tsohon injin naɗin nan yana nan a lungu, na ce in an sake masa waya nasa ne.

Na dawo gida na ba uwargida labarin Alhajin. Ta ce, “Da muguwar rawa ai gara ƙin tashi,” ta ci gaba da zuba wa yara tuwo. Har yanzu da nake rubutun nan bai kira ba, kuma ba na sa ran zai kira. Gobe in Allah Ya kai mu sai an goge get ɗin malamin an shafa jan fenti kafin rana ta yi zafi, a nemo mai kura da wuri, sannan in aika a karɓo angul na firam ɗin sola kafin farashin ya sake motsawa.