Godiya ga duk wanda ya sa hannu a ranar ɗiyata

Assalamu alaikum. Ɗiyata ta cika shekara 8 ranar Asabar da ta wuce, kuma akwai mutanen da ban samu na gode musu baki da baki ba. Shi ya sa na rubuto nan.

Abin da yarinyar ta roƙa tun farko shi ne gato mai kyandir, irin wanda ta gani a gidan ƙawarta ta lakkal. Kakarta, wato innar maigidana, ita ta juya maganar. Ta ce gato minti biyar ne a baki, a kai ta ta ga mutane suna wasan kwaikwayo da idonta. Ni dai na yi shiru, don a raina na ɗauka yaran yanzu da suka saba da waya ba za su zauna awa guda suna kallon dandali ba. Inna, ki yafe mini, ke ce da gaskiya. Godiyar farko taki ce.

Bayan la'asar muka tashi daga Bukoki mu tara, taksi biyu. Kawunsu ne ya biya, ya kuma hana a yi maganar kuɗin. Kawu, Allah ya ƙara buɗi. Gwaggonsu ta soya wainar da muka tafi da ita, ta haɗa da kilishi a leda. Gaton ma an yi shi, ƙarami, maƙwabciyata ta gasa, ta ce kuɗin fulawa kawai za ta karɓa.

Cibiyar al'adu ta Umaru Ganda muka je. A hanya yarinyar ta tambayi babanta ko wane ne wannan Umaru Ganda, ya ce mata ɗan Yamai ne mai shirya fim, shi ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, ya rasu a 1981. Ba ta gama saurara ba Inna ta karɓe zancen, ta shiga labarin zamanin Shugaba Kunce, lokacin da samariyar kowace unguwa ke da ƴan wasanta, da yadda ake cika ƙofar mai talabijin ɗaya in za a nuna Yazi Dogo da mutanensa a Télé Sahel. Direban taksi ma sai da ya sa baki.

Dandalin a fili yake, iskar hunturu na kaɗawa. Tatsuniyar Gizo aka yi, da Hausa ana sirkawa da Zabarmanci. Wani saurayi ya fito ya ce “Ga ta nan, ga ta nanku”, yara suka amsa baki ɗaya “Ta zo mu ji ta!” Wanda ya yi Gizo siriri ne, hula a karkace, yana magana da tsamin baki, yana lallaɓar Ƙoƙi ta ba shi tuwon da ta ɓoye. Na juya na dubi ɗiyata. Waina na hannunta, ta gatsa sau ɗaya ta manta da ita, baki buɗe. Da kura ta lallaɓo ta bayan Gizo sai ta miƙe tsaye ta ƙwala, “Gizo, bayanka!” Shi kuwa ya waiwayo ya ce mata ya gode, ya arce. Ƴan wasa, wannan waiwayen da kuka yi mata har yau shi take ba kowa labari. Allah ya ɗaukaka sana'arku.

Sai abin da ya sa ba zan manta da daren ba. Ana cewa “ƙurungus” mutane suka tashi, na laluba gefena ban ji Auta ba. Shekararsa 4. Laifina ne, na saki hannunsa ina tafi. Babansu ya yi ƙofa, Kawu ya hau matakala yana kira, ni ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, sai innalillahi nake ja. Ba a fi minti goma ba, amma kada Allah ya maimaita mini irinsu. Ashe kura ya bi, wai zai ga inda take kwana. Wata baiwar Allah mai sayar da zoɓo a bakin ƙofa ce ta gan shi yana kuka, ta ɗora shi kan cinya, ta lulluɓe shi da mayafinta saboda sanyi, ta sa ɗanta ya zagaya yana cigiya. Da muka iso yana shan zoɓo hankalinsa kwance. Maigida ya miƙa mata jikka biyu ta ture hannunsa, ta ce, “Haba Alhaji, ɗa ai na kowa ne.”

Baiwar Allah, a ruɗen nan ko sunanki ban tambaya ba. Sai da muka isa gida za a yanka gato na lura Auta na lulluɓe da mayafinki, shuɗi mai ɗigon fari. Na wanke shi na goge. Duk wanda ya san ta, doguwa ce mai kula ja, ya gaya mata ranar Asabar bayan la'asar zan kawo mata shi bakin ƙofar da kaina.