Godiya ga waɗanda suka tsaya min a darare ukun nan

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, daren jiya Alhamis da misalin ƙarfe uku da rabi aikin lissafin fanshon da ya yi ta faɗuwa a kwamfutar kamfaninmu ya kammala lafiya, kuɗin fanshon tsofaffin zai shiga asusunsu ranar da suka saba gani. Duk wanda ya kira ni tun Litinin ban ɗauka ba, ya yi min afuwa. Yanzu na dawo daga masallacin Juma'a, na ce bari in sauke bashin godiyar da ake bina kafin barci ya kwashe ni.

Kamfanin da nake wa aiki a nan Ingila fansho yake biya, lissafinsa kuma duk a kan menfirem na IBM yake, wato wata babbar kwamfuta mai tafiya da tsarin aiki da ake kira z/OS. Da dare ake jera ayyuka su yi ta gudana babu mai taɓa su. Kowane aiki yana da takardar umarninsa da aka rubuta da JCL, yaren ba injin umarni, a cikinta layin EXEC PGM= ne ke faɗin manhajar da za a tayar. Suna kawai yake faɗa, wanda ba ya wuce haruffa takwas. Ba ya faɗin daga wane rumbu, wato ma'ajiyar manhajoji, za a ɗauko ta. To, a nan gizo ke saƙar.

Daren Litinin wata manhaja da ke hannuna, wadda aka rubuta da yaren COBOL, ta faɗi da S0C7, wato ta je yin lissafi da gurbin da ya kamata a ce lamba ce a ciki, sai ta tarar da abin da ba lamba ba. Talata da safe na gyara, na gwada, ta wuce sumul. Aka zuba sabuwar a rumbun da ke rubuce a layin JOBLIB, can saman takardar, wanda ke faɗin inda za a nemo manhajojin aikin gaba ɗaya, na tafi gida da ƙwarin gwiwa. Ƙarfe biyu na dare waya ta yi ƙara: S0C7 dai. Laraba na sake haɗa ta tun daga tushe. Wani ya ce ƙila LLA, mai riƙe wa injin adireshin manhajoji, ita ce ke riƙe da tsohon adireshi, aka roƙi masu tsaron injin suka buga F LLA,REFRESH don a sabunta ta. Daren Laraba ta sake faɗuwa. Wallahi a lokacin addu'ata ita ce in ga S806, wanda ke nufin injin ya nemi manhaja bai samu ba, don wannan ko ɗan koyo ya san maganinsa. Tawa matsalar ita ce injin yana samun wani abu, yana tayarwa, ni kuma ban san daga ina ba.

Godiyata ta farko ga wata dattijuwar Baturiya ce, mai kula da tsarin injin, wadda ta fara wannan aiki tun ina firamare. A raina Gwaggo nake ce mata. Alhamis da hantsi ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ba tare da kowa ya aiko ta ba. Ko kallon gyaran nawa ba ta yi ba. Saƙonnin faɗuwar darare ukun ta jera, ta sa ɗan yatsa a kan lambar da ke nuna daidai inda manhajar ta tuntsure. Iri ɗaya ce sak a duka ukun. Ta ce ai wanda ya ƙara layuka a sama, dole wurin faɗuwar ya ɗan matsa. Tunda bai matsa ba, gyaran nawa bai taɓa hawa injin ba.

Sai ta sa na buɗe SDSF, inda ake duba rahoton ayyukan da suka gudana, muka shiga JESJCL, inda ake ganin takardar a warware tare da abin da ta aro daga wani PROC, wato shiryayyun layukan JCL da aka ajiye a wani wuri. Layukan aro da XX suke farawa, ni kuwa kullum tsallake su nake yi, don gani nake ba nawa ba ne. A cikinsu ga STEPLIB zaune, layin da ke faɗin rumbun da mataki ɗaya na aikin zai duba. Ta maimaita min abin da na karanta tun ina koyo na manta: matakin da ke da STEPLIB nasa, injin ba ya ma leƙa JOBLIB. In bai samu a STEPLIB ba sai ya duba wuraren ajiyar injin na kowa da kowa: LPA, daga nan LNKLST. Kuma in rumbuna da yawa aka jera a ƙarƙashin STEPLIB ɗin, na farkon da aka tarar da sunan a ciki shi ya ci, sauran ko oho.

Rumbuna huɗu ne a jere. Muka fito da su a ISPF 3.4, allon da ke jera rumbuna, muka nemi sunan manhajar da umarnin MEMBER, sai ga shi a na farko, wani rumbun gyaran gaggawa da aka buɗe shekarun baya aka manta ba a kwashe ba. AMBLIST, kayan aikin duba cikin manhaja, da umarnin LISTIDR ya nuna a 2017 aka haɗa wannan kwafin. Ashe duk daren nan ina shuka a gona ɗaya, injin yana girbi a wata. Ba ta yi min dariya ba, kuma ba ta ce ai na gaya maka ba. Shawara ɗaya ta ba ni, cewa in sa manhajar ta riƙa buga WHEN-COMPILED a farkon tashinta, yadda kowane dare za ta faɗi ranar da aka haɗa ta da bakinta. Na sa tun jiya. Allah Ya ƙara mata lafiya da nisan kwana.

Sai mai tsaron injin na dare, wani matashi ɗan Indiya, wanda sau uku yana tashina daga barci, kuma kowane karo sai ya fara da ba ni haƙuri. Shi ya riƙa dakatar da ayyukan da ke biye don kada su ɗauki rabin lissafi su wuce da shi. Da bai yi haka ba, da yanzu wani zancen ake yi. Shugaban sashenmu ma na gode masa. Da na sama suka matsa a faɗi mai laifi, cewa ya yi a bari a gano abin tukuna.

Yayana da ke Kano, wanda bai san mene ne JCL ba kuma bai damu ya sani ba, ya sa aka yi min addu'a bayan Asuba har kwana biyu. Na gode, Yaya, Allah Ya bar zumunci. Ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, ba a kore ni ba.

Uwargida kuwa, ke kika sha wahalar da ta fi tawa. Wayar da ke tashina tana tashinki, tana tashin jaririn, ni in fice falo da kwamfuta in bar ki da rarrashi. Duk da haka ban taɓa rasa shayi a filas ba. Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya mana yaran nan. Kasuwar da na yi miki alƙawari tun makon jiya, gobe Asabar in sha Allahu ni zan je.

Tsohon rumbun kuma yana nan. An cire tsohon kwafin manhajata kaɗai. Akwai sauran manhajoji a ciki da ba a san masu su ba tukuna, ranar Litinin ni da Gwaggo za mu zauna mu bi su ɗaya bayan ɗaya.