Kazar da ta mutu ba ita ce ke hana ni barci ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kiwon kaji masu ƙwai, ga 'yan awaki da saniyar tatsa biyu a bayan gonar. Aikina na farko kullum, kafin a zuba abinci, shi ne in tsaya a ƙofar ɗakin kajin in saurara. Lafiyayyun kaji surutu gare su. Ranar da ka ji ɗaki ya yi tsit, ko ka ji ana wani ƙaramin minshari, to ka duba kashinsu, ka duba ruwan da suka rage jiya.

Cututtukan suna da lokacinsu, mai kiwo yana gane su kamar yadda manomi ke gane hadari. Gumboro 'yan tsaki take kamawa tsakanin sati 3 zuwa 6. In ƙasan ɗaki ya jiƙe, sai ka fara ganin kashin jini. Da sanyi ya shigo kuwa Niyukasil ce ke yawo, kaza ta murɗe wuya, kashi ya koma kore. Waɗannan aljihuna suke ci. Ko Niyukasil ɗin, iyakarta da mutum jan ido na 'yan kwanaki.

Murar tsuntsaye daban ce. Ka kwana da kaji lafiya, ka wayi gari gawa a jere, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura ne ke ɗauke da ita, amma tayar mota da takalmi da kiret ɗin ƙwai da aka dawo da shi daga wata gona su ne ke kawo ta har cikin ɗaki. A 1997 a Hong Kong nau'in H5N1 ya kama mutum 18, shida suka rasu, aka hallaka kaji fiye da miliyan ɗaya. A 2024 kuma sai ga ta a jikin shanun tatsa a Amurka, har wasu ma'aikatan gonakin suka kamu. Wa zai ce cutar tsuntsu za ta shiga hantsar saniya?

Wata shekara na yi asarar kaza arba'in a dare biyu. Kafin likitan dabbobi ya iso, wani dillali ya riga ya ji labari. Ya ce, "Maigida, ka ba ni masu sauran numfashi a rabin kuɗi, yau ɗin nan zan rabar da su." Ba zan ɓoye ba, sai da na yi lissafi a zuci, ga bashin abinci a kaina. Abin da ya tsayar da ni shi ne tunanin matar da za ta fige su da hannunta, yaranta na zaune a gefe. Muka haƙa rami mai zurfi muka binne. Da sakamakon gwaji ya fito, ashe Niyukasil ce, ni ne na yi jinkirin maimaita rigakafi.

Amma abin da ya fi damuna shi ne cutar da ba ta nuna kanta. Kaza na iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela tana ci tana ƙwai lafiya lau, wanda ya ci ƙwan bai dahu ba shi zai kwana yana zawo. Haka bakkale, cutar da ke sa dabba ɓari, tana kuma kama mutum. Akuyata ta yi ɓari, yaron da ke min aiki ya kwashe ɗan da mabiyiya da hannu tsirara. Bayan makonni ya fara zazzaɓi mai tafiya ya dawo, ga gumin dare da ciwon gaɓoɓi. Maganin maleriya ya sha har sau biyu kafin wani likita ya tambaye shi, "Wane aiki kake yi?" Tun daga nan safar hannu ba ta yankewa a gonar, kuma madara ba ta fita sai an tafasa ta.

Ga kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko ƙwan dabbar da aka ba, kuma da yawa daga cikinmu ba ma karantawa. Ni ma da haka nake. Yanzu allo na rataye a ƙofar kowane ɗaki, ina rubuta ranar da aka ba da magani da ranar da ƙwai zai koma kasuwa. Na tsakanin kwanakin nan rami suke tafiya, kuma har yau in ana zuba su nakan kau da kai.