Ƙugun da ya goce tun haihuwa: tafiya wani ƙauyen Gaya

Da hantsi muka haye gadar Wudil muka kama hanyar Gaya. Daga nan ɗan acaɓa ya kutsa da ni cikin gonakin gero har ƙauyen. A zaure aka fito mini da yarinyar, watanta 20, tana tafiya tana karkata hagu.

"Likita, shan inna ce ko?" in ji kakarta.

"A'a Iya, ƙafar da ƙarfinta. Ƙugun ne a goce."

Na kwantar da ita rigingine a tabarma, na lanƙwasa gwiwoyinta, dugadugai a jere. Gwiwar hagu ta yi ƙasa, cinyar kuma ba ta buɗuwa kamar 'yar'uwarta. Kan ƙashin cinya ne bai zauna a gurbinsa ba, gurbin kuma ba zurfi. An fi ganin irin wannan gocewa ga 'ya'ya mata, da 'yan fari, da waɗanda suka zo ta ɗuwawu. Ba ya ciwo, shi ya sa ake makara. Sau biyu an kai ta wurin maɗori, amma ja ba ya mayar da shi, tsoka da kitse sun riga sun cike gurbin.

Da an gano kafin wata 6, galibi ɗamarar Pavlik ta isa, ta riƙe cinyoyi a lanƙwashe a buɗe, kamar dai zaman goyo, na mako 6 zuwa 12. Daga nan zuwa wata 18 a sa yaro barci a mayar da ƙashin da hannu. Ita kam sai tiyata: a buɗe gaɓar ta gaba, a kwashe abin da ya toshe, a zaunar da ƙashin, a ɗinke jakar gaɓar ta matse. In gurbin bai rufe shi ba, a yanka ƙashin ƙugu a karkato shi. Abin da muke tsoro shi ne matsi, domin in aka buɗe cinya fiye da kima jini yakan yanke wa kan ƙashin ya mutu.

Na fi daɗewa da uwar kan simintin da za a ɗaura wa yarinyar bayan tiyata, wanda zai kama daga ƙirji zuwa ƙafa mako 6 zuwa 12. Kada fitsari ya jiƙa shi, a riƙa juya ta, kada a cusa tsinke don susa. In yatsu suka kumbura ko suka yi sanyi, ko wari ya taso, a koma asibiti a ranar.

Na rubuta musu takardar zuwa asibitin ƙashi na Dala a ɗauki hoto. Uban ya ninke ta ya sa cikin hula, ya rako ni har bakin titi ana kiran la'asar.